Kai kiɗan basankob na Bejawa dandamali: raya shi ake yi ko lalata shi?

Tambaya: Wani ɗan'uwa mai sha'awar kaɗe-kaɗen gargajiya ya ce ya ga bidiyon wasu makaɗa daga gabashin Sudan, shugabansu na riƙe da wani abin kiɗa mai wuyan jita amma da wasu sanduna a jikinsa, aka ce masa kiɗan ƙabilar Beja ne. Yana son sanin asalin abin kiɗan, ko dangin garaya ne, sannan ko haɗa shi da lantarki da saksofon a hau dandamali raya al'adar yake yi ko lalata ta.

Amsa: Malam, abin da ka gani ba dangin garaya ba ne, ko da yake a dukansu tsirkiya ce ke magana. Wanda ke hannun mutumin nan ma ba shi ne ainihin na gargajiyar ba, jikansa ne. Na gargajiyar sunansa basankob. Game da rabin tambayarka na biyu kuwa, ni ban ɗauki lantarki abokin gabar wannan kiɗa ba, ina ma jinjina wa waɗanda suka kai shi dandamali. Sai dai dandamali kashi ɗaya kawai yake iya ɗauka daga cikin gadon, kuma kason da yake bari a baya shi ne mafi saurin salwanta. Ba za a gane dalili ba sai an san mutanen tukuna.

Bejawa makiyayan raƙuma da awaki da tumaki ne, mazauna ƙasar duwatsu da hamada da ke tsakanin Kogin Nilu da Bahar Maliya. Mafi yawansu suna gabashin Sudan, wajen Fot Sudan da Sawakin da Sinkat da Tokar da Kasala, wasu suna kudu maso gabashin Masar, wasu a yammacin Iritiriya. Ana ƙiyasta sun haura miliyan 2. Manyan rassansu su ne Hadandawa da Bishariyin da Amarar da Halanga, sai Bani Amir waɗanda da yawansu harshen Tigire suke yi, da Ababda na Masar da Larabci ya riga ya cinye musu harshe. Harshen nasu na asali ana kiransa Bidawiyet, dangin Somaliyanci da Afar da Oromo ne, kuma idan aka bi salsala can nesa babban gida ɗaya suka fito da Hausa. Sunansu ya daɗe a tarihi, domin yana cikin rubutun da Sarki Ezana na Aksum, tsohuwar daular Habasha, ya sa aka sassaƙa a dutse a ƙarni na 4. Su ne mayaƙan Usman Digna da suka gwabza da sojan Ingila a Teb da Tamai a 1884, lokacin Mahadi. Mu ma ba baƙinsu ba ne: alhazan da suka tafi Makka a ƙasa ta ƙasarsu suka ratsa zuwa Sawakin su hau jirgin ruwa, kuma har yau Hausawan Kasala da Fot Sudan kasuwa ɗaya suke ci da Hadandawa.

Ga bambancin basankob da garaya. Garaya tana da wuya, sanda guda da tsirkiya ke kwance a kanta, makaɗi ya danna tsirkiyar da yatsa ya gajarta ta, sautin ya sauya, don haka tsirkiya ɗaya kan ba da muryoyi da yawa. Basankob ba shi da wuya sam. Ana samun akushi na itace, a rufe bakinsa da fata a ɗaure tam. Daga cikinsa sanduna biyu su tashi sama suna buɗewa, sai a gitta ta uku a kansu ta haɗe su. Tsirkiyoyi biyar ne, suna tasowa daga gindin akushin, su hau kan jaki, wato ɗan abin da ke ɗaga su daga kan fatar, su miƙe a sarari ba abin da ke bayansu, har su isa sandar da aka gitta. A can ake naɗe kowace da tsumma, kuma murɗa wannan naɗin ne ke ƙara mata ƙarfi ko ya sassauta ta. Kowace tsirkiya murya ɗaya take da ita. Biyar ɗin nan su ne dukiyar makaɗin kaf, idan yana son wasu sai ya tsaya ya sake ɗauri.

Za ka ce to me mutum zai yi da muryoyi biyar? A nan gwanintar take. Hannun dama yana riƙe da ɗan guntun fata mai tauri, ko roba a yanzu, yana sharar tsirkiyoyin biyar gaba ɗaya, sama da ƙasa, ba tsayawa. Hannun hagu yana bayansu, yatsa ɗaya a kan kowace, yana toshe su. Wadda makaɗin ya ɗage wa yatsa ita kaɗai ke fitar da murya, sauran huɗun sai su ba da wata ƙara busasshiya mai kas-kas. Ke nan waƙar a hannun hagu take, ta hanyar ɗagawa, ƙarar toshewar kuma ita ce gangarsa. Mutum ɗaya ya zama mai kiɗa da mai amshin kiɗa a lokaci guda. Akwai kuma wuraren da ake ajiye sharar a riƙa tsinkar tsirkiya ɗai-ɗai da yatsu, a hankali, musamman in murya za ta shigo. Wanda ya saba jin wannan kiɗa zai ji tafiyar raƙumi a cikin kaɗawar, su kansu Bejawa haka suke siffanta ta. Ina so ka riƙe wannan bayani na hannun hagu, domin da shi za ka auna duk wani kiɗan zamani da aka ce maka na Beja ne.

Basankob yana da 'yan'uwa a duk yankin. Nubawan arewacin Sudan suna da kisir, Larabawan Sudan suna ce wa nasu tambur ko rababa, Habasha da Iritiriya suna da kirar, garuruwan Mashigin Suwez a Masar suna da simsimiyya. (Tambur ɗin nan mai tsirkiya ne, ba ruwansa da tamburan fada.) Akwai wani babba da ake kaɗawa wajen warkar da masu iskoki a Sudan da Masar da ƙasashen Larabawa na bakin teku. Siffar ta daɗe ƙwarai a duniya: an tono irinta a kaburburan sarakunan Ur a Iraƙi, na wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma akwai zanenta a bangon wani kabari a Bani Hasan a Masar. Wannan ne ke sa masu tallar faifai su ce kiɗan Bejawa tun zamanin Fir'auna yake. Ni ba na bin wannan magana. Tsufan siffar abin kiɗa daban, tsufan waƙar da ake kaɗawa daban, kuma ba wanda ya naɗi sautin zamanin Fir'auna balle a gwada. Kiɗan ba ya bukatar Fir'auna kafin ya yi daraja.

Darajarsa tana ga aikin da yake yi a tsakanin mutanensa. Kowace ƙabila ta Beja, har zuwa zuriyoyin da ke cikinta, tana da takenta a basankob, kamar dai yadda kowane basarake a ƙasar Hausa yake da taken da in an busa kowa ya san da wa ake. Yadda suke da tambarin da suke yi wa raƙumansu da wuta don a san na wane gida ne, haka suke da nasu sautin. In aka kaɗa taken wasu mutane a taro, 'ya'yan gidan ne ke zabura, su zare takubba, su fito fili. Wanda ba nasa ba ne ya san ba da shi ake ba, ya zauna. Saboda haka makaɗi na ƙwarai ba yatsu kaɗai yake da su ba. Ya san nasaba, ya san wa ke zaune a wurin, ya san taken da zai fara da shi da wanda kaɗa shi a gaban wasu zai tada tsohon miki. Al'umma ce mai tsananin kula da mutunci, wadda ke da dokar gargajiya da suke kira silif, da ita ake sasanta jini da rikicin rijiya da makiyaya. A irin wannan wuri sauti ba abin wasa ba ne.

Ba kullum takobi ba ne kuma. Yawancin rayuwar basankob a zaman hira take, da dare, a gefen gawayin da ake dafa jabana, gahawarsu mai citta da ake zubawa daga ɗan tulun ƙasa cikin ƙananan finjalai. A nan ake rera baitocin begen mace, da yabon raƙumi, da kewar wani kwari da aka yi kiwo a cikinsa shekarar da ruwa ya sauka, da kirarin mazan da suka shuɗe. Al'umma ce da ba ta dogara da rubutu ba, don haka sunayen rijiyoyi da duwatsu da hanyoyin kiwo da kakanni a cikin waɗannan baitoci suke ajiye. A biki kuma akwai bibob, rawar samari ta tsalle, ana tafi ana amshi. Basankob kayan maza ne. Mata nasu waƙoƙin daban, da ganga da tafi, a biki da reno da makoki.

Yanzu ka duba abin da ya girgiza wannan duka, ka ga ko jita na ciki. Fari da yunwar 1984 zuwa 1985 sun kashe wa Bejawa dabbobi masu ɗimbin yawa, iyalai da dama ba su sake komawa kiwo ba. Suka tare a gefen Fot Sudan da Kasala, maza suka koma dako a tashar jiragen ruwa, daga baya shigowar kwantena da injinan ɗaga kaya ta rage wannan aikin ma. Yaron da aka haifa a unguwar Daim al-Arab ta Fot Sudan zai iya jin baitin da ke ambaton wata rijiya, amma bai taɓa shayar da raƙumi a bakinta ba. Makaranta da Larabci take, rediyo da talabijin na gwamnati kiɗan Khartum da Umdurman suka ɗauka a matsayin kiɗan ƙasa, na sauran yankuna sai a ɗan ba shi gurbi a shirin al'adu. Kukan an ware su ya daɗe, shi ya haifar da ƙungiyar Beja Congress tun 1958, ga shi kuwa tashar da kusan duk kayan Sudan ke shiga da fita a ƙasarsu take, ga zinariya a duwatsunsu. Mulkin Umar al-Bashir, daga 1989 zuwa 2019, ya ƙara matsa lamba wajen mayar da kowa Balarabe, dokokinsa na tsaron tarbiyya suka takura wa bukukuwa da makaɗa a duk ƙasar. A ranar 29 ga Janairun 2005 jami'an tsaro suka buɗe wa Bejawa masu zanga-zanga wuta a Fot Sudan, aka kashe kimanin mutum 20. An sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta gabashin Sudan a Asmara a 2006, amma talauci bai tashi ba. Waɗannan su ne suka raba basankob da mazauninsa.

Sauyi kuwa ba yau ya fara shiga kiɗan ba. Tsirkiyar da a da ake murɗawa daga jijiya ko hanjin dabba ta daɗe da komawa wayar ƙarfe, akushin itace ma a wurare da yawa kwanon ƙarfe ya maye gurbinsa, ba wanda ya ce al'ada ta mutu ranar. Mawaƙan birni irin su Adam Shash da Arka Sabir da Muhammad al-Badri da Sidi Doshka sun rera da Bidawiyet a gaban makirfo, an ji waƙar Beja da udi, molon Larabawa, da goge na Turawa da fiyano, kaset ya kai ta inda raƙumi bai kai ba. Tun a 1995 wani kamfanin Amurka mai suna Original Music ya fitar da faifan waƙoƙin Bejawan Fot Sudan. A arewacin Sudan ma haka aka yi: shahararren mawaƙi Muhammad Wardi da tambur ya fara kafin ya koma babbar ƙungiyar makaɗa, kuma wannan bai hana tambur ci gaba da rayuwa a ƙauyukan bakin Nilu ba. Duk wanda ke neman basankob da hannun zamani bai taɓa ba, abin da babu yake nema.

Bisa siffar da ka bayar, wanda ka gani Nuri ne, cikakken sunansa Nuraddin Atta al-Maula Jabir, mutumin Fot Sudan. A farkon shekarun 1990, yana ɗan shekara 18, ya tsinci wuyan wata jita a wajen 'yan gwangwan, mahaifinsa wanda shi ma makaɗi ne ya ba shi wani tsohon tambur mai tsirkiya huɗu, sai ya haɗe su da walda suka zama abu ɗaya mai aiki da lantarki. A 2006 ya kafa ƙungiyar Dorpa. Faifansu mai suna Beja Power, wato Ƙarfin Beja, mai kiɗa shida, ya fito a watan Yunin 2022 daga kamfanin Ostinato Records, an naɗe shi a Umdurman ana tsakiyar zanga-zangar da ta biyo bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021. Akwai saksofon, da jitar bes, da jita ta biyu, da ganguna. Nuri bai ɓoye manufarsa ba, ya sha faɗa cewa yana so a san da Bejawa da halin da suke ciki, sunan faifan ma ya isa shaida.

Ka saurare shi da kunnen wanda ya san aikin hannun hagu. Za ka ji ma'aunin muryoyi biyar bai gusa ba. Za ka ji kaɗawar nan mai rangaji tana nan, sai dai an raba aikin da mutum ɗaya yake yi ga mutane da yawa: ƙarar toshewa ta koma hannun mai ganga da mai jita ta biyu, saksofon ya karɓi wurin da muryar mawaƙi take bi. Wannan aikin wanda ya san kiɗan daga ciki ne, ba ado aka yafa wa kiɗan wasu ba. Amfanin da ya yi kuma a fili yake. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Beja ba a Turai da Amurka da Afirka ta Yamma sun ji, kai kanka ta nan ka zo da tambaya. Mafi muhimmanci a wurina shi ne abin da saurayin Fot Sudan ke gani. Yaron da aka nuna masa a makaranta da talabijin cewa harshen gidansu da kiɗan kakansa kayan ƙauye ne, in ya ga baƙi a wata ƙasa suna biyan kuɗi su saurara, kallon da yake yi wa basankob ɗin da ke rataye a ɗakin kawunsa zai sauya. Ba na raina wannan ko kaɗan. Al'ada takan fara mutuwa ne ranar da 'ya'yanta suka fara jin kunyarta.

To amma ga abin da ba ya hawa jirgi ya tafi dandamali. Na farko harshe. Yawancin abin da ke cikin wancan faifai kiɗa ne zalla, murya kaɗan ce, kuma wannan na cikin abin da ya sauƙaƙa masa shiga duniya, tunda saksofon ba ya bukatar tafinta. Sai dai rijiyoyin da kakannin da hanyoyin kiwon a cikin kalmomi suke. Za a iya wayi gari sautin Beja ya zagaye duniya alhali jikokin masu shi ba sa iya fassara baiti ɗaya. Ababda sun isa misali, ana ganinsu da kamanninsu da raƙumansu, harshen ya tafi. A nan Iritiriya ta yi abin a yaba, domin tana koyar da yaran firamare na wannan al'umma da Bidawiyet, da haruffan boko. A ganina ajin firamare irin wannan ya fi bikin kaɗe-kaɗe goma amfani ga basankob, ko da ba a taɓa kaɗa shi a ajin ba.

Na biyu ɗaurin tsirkiya, kuma wannan ne mutane ba su cika lura da shi ba. Makaɗin gargajiya da kunne yake ɗaure tsirkiyoyinsa, tazarar da ke tsakanin murya da murya ita ce wadda ya gada daga wanda ya koya masa, kuma akwai ɗauri iri-iri, kowane da yanayin da yake sawa a zuciya. Jita tana da ƙarafa a wuyanta da suka yanka sauti gida 12 daidai wa daida, fiyano ma haka. In basankob zai yi kiɗa tare da su, shi ne ke sunkuyawa, don su ba sa iyawa. Bambancin ƙanƙani ne, baƙo ba zai ji ba. Amma in yara suka tashi ba su jin komai sai sautin fiyanon biki, kunnensu zai koma can, har ranar da za su ji dattijo ya ɗaure nasa yadda aka saba su ce bai yi saiti ba. In ana neman na'urar da ta fi cutar da wannan kiɗa, ni fiyanon nan na biki nake tuhuma, wanda mutum ɗaya ke dannawa ya fitar da ganga da komai, mai biki ya huta da biyan makaɗa biyar. Ta kori masu tambur da masu udi daga bukukuwa da yawa a Sudan, ba tare da hayaniya ba.

Na uku shi ne ma'ana da mallaka. A gida, take kira ne ga wasu mutane sanannu, kuma akwai amsar da ake jira daga gare su. A zauren kallo a Turai kiɗa ne mai daɗi na minti shida, a tafa a wuce na gaba. Ba laifin masu kallo ba ne, ba kuma laifin makaɗin ba, yanayin wurin ne haka. Sai dai tambaya tana biyo baya: in sautin wata zuriya ya shiga faifai, aka yi masa rajista da sunan mutum ɗaya ko kamfani ɗaya kamar yadda dokar haƙƙin mallaka ta tanada, ina matsayin zuriyar? Dokar an gina ta ne a kan mawallafi guda mai suna, ba ta san abin da jama'a suka gada tare ba. Ba ina zargin kowa ba ne, matsala ce da ke gaban duk mai ɗaukar kiɗan gado zuwa kasuwa, kuma mafi ƙarancin abin da ya kamata shi ne a rubuta a jikin faifai cewa wannan sauti na mutanen wane ne. Na huɗu kuma mata. Abin da ke fita waje kiɗan maza ne. Waƙoƙin reno da na amarya da na makoki, waɗanda ta bakinsu yaro ke fara jin harshen, ba mai gayyatarsu biki a ƙasar waje, kuma al'adar wurin ba ta sakin mace ta yi waƙa gaban baƙin maza. Sai mata 'yan'uwansu ne za su iya naɗarsu.

Akwai darasi a maƙwabta. A Fot Sa'id ta Masar simsimiyya ta kusa zama kayan nishaɗin biki kawai, sai Zakariyya Ibrahim ya kafa ƙungiyar El Tanbura a 1989. Abin da ya fara yi shi ne neman tsofaffin makaɗan da suka ajiye kiɗa, ya zaunar da su tare da matasa, suna haɗuwa a kai a kai a garinsu suna kaɗa wa mutanensu. Yawon duniya daga baya ya zo, kuma bai sa sun bar zaman gida ba. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa simsimiyya, ƙerawarta da kaɗawarta, cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Masar da Saudiyya. Takardar UNESCO ba ta koya wa kowa kiɗa, amma ka lura da tsarin: tsoho da yaro a wuri ɗaya tukuna, sannan dandamali. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan ga kowace ƙungiyar zamani. In kuɗi da sunan da aka samo a waje suna komawa su sa wani yaro ya zauna gaban dattijo, ana raya gado. In ba sa komawa, an dai yi kiɗa mai kyau, shi ma ba laifi ba ne, amma a kira shi da sunansa.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, tsakanin soja da dakarun RSF masu hamayya da su, ya ƙara wa lamarin gaggawa. Rediyon Umdurman, wanda aka buɗe tun 1940, shi ke riƙe da mafi girman taskar sautin ƙasar, kuma ginin ya shafe kusan shekara a hannun dakarun RSF kafin soja su karɓe shi a watan Maris na 2024. An wawashe gidan tarihi na ƙasa a Khartum. Jami'ar Khartum, wadda cibiyarta ta nazarin Afirka da Asiya ke da taskar kaɗe-kaɗen gargajiya da masana suka yi shekaru suna tarawa daga ƙauyuka, ta tsinci kanta a tsakiyar fagen daga. A lokacin gwamnati ta koma Fot Sudan, garin ya cika da 'yan gudun hijira, haya da abinci suka yi tsada, a watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai masa hari shi ma. Mun ga da idonmu cewa tara komai a gini ɗaya a babban birni ba adanawa ba ce. Kwafin da ke wayoyin mutane da faifan da ya riga ya bazu a duniya sun fi tsira, kuma wannan ma wani alheri ne na zamani da ya kamata masu kukan lalacewar al'ada su amsa.

Saboda haka in kai ko wani ɗan'uwa mazaunin Kasala ko Fot Sudan ya samu dattijo mai basankob ya yarda a naɗe shi, wayar hannu ta isa, amma a yi shi da tsari. A nemi izininsa a gaya masa inda sautin zai je. Kafin ya fara, a roƙe shi ya kaɗa tsirkiyoyin biyar ɗaya bayan ɗaya, domin a nan ɗaurin yake, kuma duk lokacin da ya sake ɗauri a maimaita. A ɗauki bidiyon ta inda za a ga hannun hagu. A bar shi ya kai ƙarshe, kada a yanke shi don ya yi daidai da TikTok. In ya gama a tambaye shi taken na wane gida ne, wa ya koya masa, a wane taro ake kaɗa shi, a wane ba a kaɗawa. Baitocin ya faɗe su da baki a hankali ba tare da kiɗa ba, a samu mai jin Bidawiyet ya rubuta ya fassara. Sannan a tura wa 'ya'yansa kwafi a wayoyinsu kafin a tura wa kowa.